Bayan wuta ta mutu: yadda na karɓi rahoton 'yan kwana-kwana na nemi madadin takardunmu

Duk ofishin da na shiga neman madadin takardun da gobara ta cinye mana, tambayar farko ɗaya ce: ina rahoton 'yan kwana-kwana? An tambaye ni a kotu, an tambaye ni a caji ofis, jami'ar da na gama ta tambaya, hatta mai gidan da nake haya sai da ya ga wannan takarda kafin mu zauna maganar gyara. Masu zuwa jaje kuwa, Allah ya saka musu da alheri, kowa da tasa shawarar. Wannan ya ce in fara da 'yan sanda, wancan ya ce sakatariyar ƙaramar hukuma, wani ma cewa ya yi in je gidan rediyo a yi cigiya. Ni malamin sakandare ne, ina haya a wata tsohuwar unguwa cikin babban birnin jiharmu, kuma ga yadda na bi abin daga daren da wutar ta tashi, ko wani zai huta da yawon da bai zama dole ba.

Cikin hunturu ne, tsakar dare, jim kaɗan bayan an dawo da wutar lantarki. Maiɗakina ce ta fara jin ƙauri, muna leƙa falo muka ga hayaƙi na zubowa daga silin. Muka kwashi yara muka yi waje. Wani maƙwabci ya ruga ya zare fis ɗin da ke jikin mita, wani kuma, direban adaidaita sahu, yana da lambar tashar kashe gobara mafi kusa a wayarsa, shi ya kira. Ina tsaye kusa da shi, na ji tambayoyin da aka jero masa: sunansa, unguwa, wani sanannen wuri da ke kusa, me ke ci, akwai wanda ya maƙale a ciki, mota za ta iya shiga layin? Yana ajiyewa suka sake kiransa don su tabbatar, saboda masu kiran ƙarya sun sha wahalar da su. Suka ce a tura wani bakin titi ya tare su, muka tura yaro a kan babur. Da ba a yi haka ba da sun sha zagaye, don layukanmu ba suna ba lamba.

Motar ba ta iya shigowa lungun ba. Kowa ya ɗan ci hanya, wannan da dakali, wancan da ramin masai, wani da rumfar shago. A bakin layi ta tsaya suka yi ta haɗa mesa da mesa har ta iso ƙofar gida. Shugaban ayarin bai bari an saki ruwa ba sai da ya tabbatar an yanke lantarki, sannan ya tambaya ko akwai tukunyar gas. Akwai, a kicin, biyu daga cikinsu suka shiga suka fito da ita. Abin da ya harzuƙa samarin unguwa shi ne ganin an fara feshin ruwa a rufin maƙwabta da katangar da ta raba mu, alhali falona na ci. Aka fara ihu, har wani ya ɗauki dutse, dattawa suka tsawatar. Ni kaina a lokacin raina ya ɓaci. Daga baya na gane lissafinsu: falon ya riga ya tafi, amma gidajen layin rufinsu a manne yake, katako na bin katako, idan wutar ta tsallaka to layin ne gaba ɗaya. Ba a daɗe ba ruwan motar ya ƙare, sai da tanka ta biyu ta zo aka ƙarasa. Masu cewa 'yan kwana-kwana na zuwa ba ruwa su sani cewa lita 'yan dubbai ce a cikin motar, mesa kuma na zuƙe ta cikin 'yan mintuna, ga shi unguwarmu ba famfon gobara ko ɗaya da za su jona.

Wajen asuba, wuta ta mutu, ina zaune a dakalin maƙwabci sai wani daga cikinsu ya zo da ɗan littafi da tocila. Ya ce, “Malam, sannu, Allah ya mayar da alheri. Ka daure ka ba ni 'yan bayanai.” Ya rubuta cikakken sunana, sunan mai gida, ɗakunan da suka ƙone, inda muka fara ganin hayaƙi, da ko wani ya ji rauni. A wannan hali ba abin da mutum ke so kamar a ƙyale shi, amma wannan ɗan rubutun na asuba shi ne tushen duk takardar da na samu daga baya. Na sa ya haska mini na ga yadda ya rubuta sunana, na gyara masa harafi ɗaya ya dace da wanda ke kan katin ɗan ƙasa. Kafin su tafi ya ce kada a share wurin tukuna, za a turo masu dubawa.

Gari na wayewa 'yan uwa suka cika gida da shebur da baro, kowa na son ya taimaka a kwashe toka. Hana su ya yi mini nauyi, sai da na sa yayana ya yi musu bayani. Ƙanina ya bi ɗaki-ɗaki ya ɗauki hotuna da bidiyo. Akwatin ƙarfen da nake ajiye takardu bai narke ba, amma abin da ke ciki ya zama gawayi, kana taɓawa yana marmashewa: sakamakon WAEC, shaidar digiri, takardar gama bautar ƙasa, takardun haihuwar yara, da takardar wani fili da na saya a bayan gari. Muka ɗauki hotonsa yadda yake, na ajiye shi. Da yamma na je gaida mai unguwa, ya sa aka rubuta mini 'yar wasiƙa mai hatiminsa da ke shaida cewa ni mazaunin gidan ne kuma gobarar ta auku. Ba kowane ofis ne ya neme ta ba, amma inda aka nema ta yi rana.

Ga wurin da mutane ke rikicewa. A babban birnin jiha za ka iya samun ofisoshin kashe gobara iri biyu, na jiha da na tarayya, kowanne da motocinsa da shugabanninsa. Wanda ya zo ya kashe maka wuta shi ke da labarinka a rubuce, shi zai ba ka rahoto. Hotunan da yara suka ɗauka a daren sun nuna rubutun jikin motar, ta jiha ce. Na fara zuwa ƙaramar tashar da ta turo ta, suka buɗe babban littafin da suke rubuta kowane kira, suka nuna mini layinmu: lokacin da aka kira, lokacin da mota ta fita, lokacin da ta isa, lokacin da ta dawo. Suka ba ni lambar wannan shigarwa a 'yar takarda, suka ce rahoto daga hedikwata yake fitowa, in rubuta takardar neman sa zuwa ga darakta.

A hedikwata na miƙa takardar a ofishin rajista. Da hannu na rubuta ta, gajeriya: ni wane, mazaunin wuri kaza, gobara ta tashi ranar kaza da ƙarfe kaza, ina roƙon a ba ni rahoto don neman madadin takarduna. Na haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da na sake bugowa da lambar NIN, wasiƙar mai unguwa, wankakkun hotunan gidan, da jerin abin da ya ƙone. Ma'aikaciyar da ta karɓa ta duba jerin ta ce, “Malam, ka rubuta ‘takardun makaranta’ kawai. Koma ka jero su ɗaya bayan ɗaya, da shekara da lamba in ka tuna. Abin da ba ya cikin rahoto, can gaba za su ce ba su san da shi ba.” Wannan shawara ta fi duk wadda na samu amfani. Na zauna a benci na kira wani abokin karatu, na tono tsofaffin saƙonnin imel da na taɓa neman aiki da su, na samo lambar jarrabawa da lambar shiga jami'a da lambar kiran bautar ƙasa. Aka buga wa kwafina hatimin karɓa, aka buɗe fayil.

Jiran jami'in da zai sa ranar zuwa duba gida ya ɗauki rabin wuni, domin ya fita wani aiki. A nan na zauna da wani dattijon ma'aikaci da ya kusa ritaya, yana gyaran bakin mesa a inuwar mota. Na ce, “Baba, wai me ya raba ku da na tarayya?” Ya ce aikin ya faro ne a Legas tun zamanin Turawa, a farkon ƙarnin da ya wuce, kuma a lokacin wani sashe ne na 'yan sanda. Dokar 1963 ce ta tsayar da hukumar kashe gobara ta tarayya da ƙafafunta, yau tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jihohi kuma kowacce ta kafa tata tana biyan ma'aikatanta. Filayen jirgin sama ma da nasu daban. Amma idan wuta ta yi girma, irin wadda ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, ko ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021, ba mai tambayar motar wa ce, duk mai tankar ruwa kiransa ake yi. Ya ce mutane sun ɗauka wuta kaɗai suke kashewa, alhali kiran ceto ba ya yankewa: yaro ya faɗa rijiya, matashi ya nutse a kududdufi da damina, gini ya rufta, mota ta kife da mutane a ciki. Muna cikin hirar ƙararrawa ta kaɗa. Mutanen da na gani a warwatse, wani na alwala wani na cin ƙosai, kafin in miƙe tsaye sun shige mota suna ƙarasa saka takalma a ciki, jiniya na tashi. Tun daga ranar na daina saurin cewa sun yi jinkiri.

Masu dubawa su biyu suka zo bayan 'yan kwanaki. Na yi zaton tambayoyi za su yi mini su tafi, sai na ga sun ɗauki tsani sun hau saman katanga. Suka bi katakon rufi suna duba inda ya fi cinyewa, suka nuna mini yadda baƙin hayaƙi ya yi fiffike a bango daga wuri guda ya bazu sama. A daidai nan suka zaro wata tsohuwar waya da aka yi wa ɗauri da salatif a cikin silin, ƙarfenta ya narke ya dunƙule. Suka tambayi maiɗakina ko an bar abin dafa ruwa na lantarki a jone, ko an shiga da garwashi ɗaki saboda sanyi, domin waɗannan biyun ne suka fi ba su aiki da hunturu. Ta ce a'a, suka duba soket-soket ɗin falon suka ga ba daga nan ba ne. Suka bi jerin kayan da na rubuta suna neman alamarsu a cikin toka, ƙarfen gado, ƙashin firji, kan keken ɗinki. Da an share wurin da ba abin da za su gani. Ban biya su ko kwabo ba, ba su kuma nema ba, ruwan sanyi kawai suka sha.

Kashe gobarar kyauta ne. Rahoton ne ke da ɗan kuɗi, kuma ba a hannu na bayar ba: an rubuta mini takardar biya, na je banki na zuba a asusun gwamnatin jiha, na dawo da rasit aka maƙala a fayil. Kuɗin bai kai abin da na kashe a adaidaita sahu da fotokwafi ba, kuma tunda irin wannan farashi na sauyawa, a tambaya a ofishin rajista. Daga nan sai jiran sa hannu. Wannan jiran ya fi ci mini rai, domin muna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan yayana, yara na tambayar yaushe za mu koma gida, ni kuma ba inda zan iya motsawa sai takardar ta fito. Na karɓi lambar ofishin rajista ina kira kafin in taso. Da ta fito, shafi ɗaya ce mai tambarin hukuma: rana da lokaci, adireshi, sunana a matsayin ɗan haya da sunan mai gida, abin da ya ƙone, ƙiyasin asara da na abin da aka ceto, jerin takarduna da lambobinsu, sai dalili, inda aka rubuta cewa ana zargin matsalar wayar lantarki a cikin silin. Na karanta ta a tsaye a gaban tebur kafin in sa hannu a littafin karɓa.

Wannan layi na dalili shi ya kashe wata rigima tun ba ta girma ba. Mai gidan, dattijo ne da muke mutunci, an riga an kai masa gulmar cewa garwashi muka kwana da shi. Muka haɗu a zauren mai unguwa, aka karanta rahoton a fili. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, ƙaddara ta riga fata. Rufi da waya nawa ne, kai ka ji da kayanka.” Na ce, “Alhaji, na gode, Allah ya ƙara girma.” Aka yi fatiha aka tashi.

Sai kotu. A harabar babbar kotun jiha akwai masu buga takardu a ƙarƙashin bishiya, sun san tsarin takardar rantsuwa a ka. Na ba wa ɗaya rahoton ya kwafe jerin takardun da lambobinsu. Na sa ya yi mini rantsuwa daban-daban, ta takardun karatu, ta takardun haihuwa, ta fili, saboda kowace hukuma tana riƙe wadda aka kai mata. Na biya a wurin mai karɓar kuɗi na kotu, na manna hoton fasfo, na shiga gaban kwamishinan rantsuwa, ya tambaye ni ko abin da ke ciki gaskiya ne, na amsa, ya buga hatimi. Kafin azahar na gama. Da wannan na wuce caji ofis ɗin da ke kula da unguwarmu, ba kowanne ba, aka shigar da bayanina a littafinsu, aka ba ni takardar da aka tsamo daga ciki, wadda a ofisoshi ake ce wa ekstirak. Jerin ke nan da ya yi mini aiki: rahoton gobara, rantsuwar kotu, takardar 'yan sanda. Kowacce tana ambaton wadda ta gabace ta.

Abin da ya kamata mutum ya shirya wa zuciyarsa shi ne, yawancin takardun nan ba a sake buga irinsu. WAEC ba ta ba da sabon satifiket na takarda a madadin wanda ya ƙone, takardar tabbatar da sakamako take bayarwa. Sauƙin da na samu shi ne tsarin satifiket na intanet da ta buɗe a 2022, wanda ya haɗa da waɗanda suka rubuta jarrabawa daga 1999, na shiga da lambar jarrabawata na biya na sauke nawa. Hukumar NYSC ma wasiƙar tabbatarwa take bayarwa cewa ka yi hidimar ƙasa, bayan ka kai takardun nan uku. Jami'a ta karɓi takardar neman da na rubuta wa magatakarda, ta duba kundinta, ta ba ni wasiƙar shaidar kammalawa. Ranar da na karɓe ta na ji wani iri, shekara huɗu na karatu a 'yar wasiƙa mai sakin layi biyu, amma ma'aikatar ilimi ta karɓe ta ba musu lokacin tantance ma'aikata. Takardun haihuwar yara sun fi sauƙi, domin makarantarsu na da kwafi a fayil, da su na je ofishin hukumar ƙidaya na ƙaramar hukuma.

Na kuma kai kwafin rahoton da hotuna sakatariyar ƙaramar hukuma don a tura wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. An rubuta sunana, daga baya an kira ni na karɓi kwanon rufi da buhun hatsi da tabarmi, kwanon na miƙa wa mai gida. A kai takarda, amma kada a jingina komawa gida da wannan. Abin da ya tayar da mu gudummawar 'yan uwa ce da ta malaman makarantarmu da adashen maiɗakina.

Da aka gama gyara na koma hedikwatar, wannan karon sashen rigakafi, wanda ban san da shi ba sai a zaman jiran nan. Su ne ke duba gidajen mai da wuraren sayar da gas da makarantu da otal kafin a ba su shaidar kariya daga gobara. Na tambayi irin tukunyar kashe wuta da ta dace da gida, suka ce mai hoda, domin tana aiki a kan katako da yadi da fetur da kayan lantarki. Suka nuna mini yadda ake zare fil, a nufi gindin wuta ba harshenta ba, da allurar da ke nuna ko tukunyar na da ƙarfi. Suka ja kunnena kan watsa ruwa a man girki da ya kama ko a wayar da ke da wuta: tukunyar mai a rufe ta da murfi a kashe risho, lantarki kuma a yanke shi tukuna. Na rubuta musu takarda a madadin makarantarmu, suka zo suka yi wa ɗalibai gwaji a filin taro.

Ga mai karatu, abin da zan ce a riƙe kaɗan ne. Ko maƙwabta sun kashe wutar da bokiti kafin mota ta iso, a kira 'yan kwana-kwana su zo su gani su rubuta. Wani da muka haɗu da shi a benci shagonsa ya ƙone ba a kira kowa ba, an share an yi fenti, ya zo neman rahoto don kamfanin inshora, aka ce ba su da abin da za su dogara da shi. A ajiye lambar tashar da ta fi kusa a wayar kowa a gida, har da 112 ta kiran gaggawa, a kuma san wane masallaci ko gidan mai za a ambata a matsayin alama. Asalin rahoton kada ya bar hannunka, a yi kwafi da yawa, inda aka nace sai an ga na asali a nuna a karɓe. Takardun da ke akwati yanzu a ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel, a kai kwafi gidan wani ɗan uwa, domin lambobin da ke jikinsu su ake tambaya a kowane tebur.

Takardar fili ce kaɗai ba ta kammala ba. Ofishin filaye ya nemi takardun nan uku, da sanarwar ɓata a jarida ta ƙasa, da shaidar biyan harajin fili, sannan a jira wa'adin da za a ga ko wani zai fito da ƙorafi kafin a ba da kwafin da aka tabbatar. Na buga sanarwar, na sayi jaridar ranar guda uku na kai musu cikakken shafin, don ba sa karɓar yankakke. Fayil ɗin na wurin mai binciken kundi, sun ce in leƙo ƙarshen wata.